Me ya sa ake tsoron masu ban dariya?

A fadojin ƙasar Hausa, wawan sarki kan faɗi abin da fadawa ba sa iya faɗa. Ɗan kama kuma kan kwaikwayi malamai da mawaƙa, ya mai da waƙoƙinsu zancen tuwo. Bakinsu ake shakka, domin wanda ya hana su kyauta zai sha zambo a bainar jama'a.

A Turai kuwa fuska ake tsoro. Joseph Grimaldi ne ya yayata shafa farin fenti a Landan a farkon shekarun 1800. Fentin na ɓoye fushi da murna, sai mai kallo ya kasa gane nufin mai wasan. Tsoron ya ƙaru a 1978, da aka kama John Wayne Gacy a Amurka, mai irin wannan shiga da ya kashe samari 33.