Sauron Unguwa Ma Yana Cin Ribar Kamfani

Duk mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai ya san abin da damina ke yi masa. Da Agusta ta kama sai ka ji "wane yana kwance", "wance ta kai yaro asibiti". Inji na tsaye, albashi na tafiya, ƙarshen wata kuma ga lissafin asibiti a kan tebur. Yawancin masu kamfani sun ɗauki wannan a matsayin ƙaddara, alhali asara ce da ake iya toshewa.

A garin Obuasi na ƙasar Gana, inda kamfanin AngloGold Ashanti ke haƙar zinariya, a 2005 asibitin kamfanin yana karɓar masu zazzaɓin cizon sauro kimanin 6,800 duk wata, magani kaɗai yana lashe wajen dala 55,000. A 2006 suka sauya dabara. Da yake sauron nan cikin dare yake cizo, a ɗakin da ma'aikaci ke barci da iyalinsa, ba su tsaya a bakin ƙofar mahaƙar ba. Suka ɗauki mutanen gari aiki, aka bi unguwa-unguwa ana feshe bangon ɗakuna, na ma'aikaci da na maƙwabcinsa da bai taɓa cin ko sisin kamfanin ba. Aka zuba magani a kududdufai, aka raba gidan sauro. Cikin 'yan shekaru masu zazzaɓin suka ragu da kusan kashi uku cikin huɗu, kuɗin magani da fashin aiki suka faɗi warwas.

Sai dai a yi hattara, ba kowane shiri mai sunan kiwon lafiya ke mayar da kuɗinsa ba. An gwada wani a Jami'ar Illinois ta Amurka a kan ma'aikata kusan 5,000, da awon jiki da darussan motsa jiki, amma kuɗin asibiti bai ragu ba. Mutanen Obuasi sun dace ne don sun tunkari ainihin cutar da ke kayar musu da ma'aikata.

Saboda haka, Alhaji, kafin ka kira wani ɗan kwangila, ɗauko takardun asibiti na shekara guda ka duba. In tari ne a injin casar shinkafa, takunkumi da na'urar zuƙe ƙura ake bukata. In ƙaiƙayin fata ne a majemar Challawa, safar hannu da takalmin roba. In kuwa gudawa ce ta fi yawa, leƙa tankin ruwan da suke sha, ka tambayi rabon da a wanke shi.