Lambar da ke riƙe da bututun mai

Mutanen Matsinkai a ƙaramar hukumar Bagudo sun san ƙarar da kwanon rufi yake yi idan rana ta take. Ƙarfe ne yake miƙewa, ƙusa tana riƙe shi, har ya fizge. Wannan fizgar ce take hana injiniyoyin bututu barci.

A yammacin Bagudo, ta wajen Gaya da Malanbil, bututun ɗanyen mai na Nijar ya ratsa zuwa Benin. Tsawonsa ya kusa kilomita 2,000, daga Agadem zuwa tashar ruwa ta Seme, kuma a 2024 aka fara lodin mai daga can. Yawancinsa a binne yake, amma a tashoshin famfo bututu yakan fito sarari, ya hau kan madogaran ƙarfe. Idan zafi ya ƙaru da digiri 30, bututun ƙarfe mai tsawon mita 100 yakan ƙara kusan milimita 36. Dole ya zame a kan madogari, gogayya kuwa tana hana shi.

Kafin a kafa ko ƙafa ɗaya, injiniya yakan gwada lissafin a manhaja irin CAESAR II. Ma'aunin gogayyar ƙarfe da ƙarfe yawanci 0.3 ne, idan aka shimfiɗa farantin Teflon, yakan sauko wajen 0.1. Sai dai lissafin abin da yake tsaye cak sannan ya fizge yakan yi wa kwamfuta wuya, don haka manhajar takan maƙala wani sifirin na lissafi a gefen madogarin. Taurin wannan sifirin shi ake kira taurin gogayya, kuma manhajar takan zo da shi a kan fam miliyan 1 ga kowane inci, wato kimanin niyuton 175,000 ga kowace milimita.

A ce madogari na ɗauke da nauyin niyuton 10,000. Da ma'aunin 0.3, gogayya za ta riƙe har niyuton 3,000, bututun ya fara zamewa tun motsinsa bai kai milimita 0.02 ba.

Idan lissafi ya ƙi daidaita, wasu sukan rage taurin don kwamfuta ta ba da amsa. Amsa za ta fito, amma idan ragin ya yi yawa sai ƙarfin gogayya ya ragu a takarda, nauyin da zai faɗa wa bakin famfo ya ɓoye. Injiniyan da ya rage lambar, wajibi ne ya sake lissafin da wata, ya kwatanta sakamakon biyu kafin ya sa hannu.