Darasin motsa jiki a makarantun firamare

Darasin motsa jiki da kiwon lafiya yana cikin manhajar firamare da hukumar NERDC ke tsarawa a Najeriya. A gyaran 2012 an haɗe shi da darasin kimiyya da fasaha, sai a 2025 ya sake zama darasi mai zaman kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 na buƙatar motsa jiki na minti 60 a kullum.

A garuruwa irin su Danchadi, a ƙaramar hukumar Bodinga ta jihar Sakkwato, langa da kokawa da tsere ba sa buƙatar kayan wasa, fili kawai suke so. Matsalar ita ce zafin bazara, wanda kan haura digiri 40, don haka safiya ta fi dacewa da darasin.