Porsche, dokin sukuwar motoci

Gidimuni tana bakin babbar hanya, gabas da Damagaram. Kullum motoci suna wucewa ta nan. Wasu suna ɗaukar mutane, wasu suna ɗaukar rake da dabino na garake zuwa kasuwa. Waɗannan motocin kaya ne, kamar jaki da raƙumi. Amma akwai wasu motoci da aka ƙera don gudu kawai, kamar dokin sukuwa na ranar salla. Porsche tana cikinsu.

Porsche sunan mutum ne. An haifi Ferdinand Porsche a shekara ta 1875. Gwani ne wajen ƙirar inji. A 1931 ya buɗe ma'aikatarsa a birnin Stuttgart, cikin ƙasar Jamus. Shi ne ya tsara ƙaramar motar nan Volkswagen mai doro kamar kunkuru. Ɗansa Ferry ya gaji sana'ar. A 1948 Ferry ya ƙera mota ta farko mai sunan gidansu, Porsche 356. Tambarin motar yana da hoton baƙin doki, alamar birnin Stuttgart.

A 1963 aka nuna wata sabuwar ƙira, wadda daga baya aka sa wa suna 911. Injinta a baya yake, ba a gaba ba. A wancan zamani injin ba ya shan ruwa, iska ce take sanyaya shi. An yi ta domin hanya mai kwalta.

To, mota irin wannan za ta iya da rairayi? A ƙarshen 1978 wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya fara shirya tseren motoci daga Paris zuwa Dakar, ta cikin hamada. Masu Porsche suka ce sai sun gwada. Suka ɗaga cikin 911 sama don kada ya bugi duwatsu. Suka sa injin ya riƙa juya ƙafafu huɗu duka, kamar na kat-kat. In ƙafa biyu sun kafe cikin rairayi, sauran biyun sai su ja motar. A 1984 direba René Metge ya zo na ɗaya da ita.

A 1986 suka komo da wata sabuwa, 959. Tseren ya bi ta Agadas da Dirku, ya ratsa Tenere, ya sauko Damagaram, ya wuce Yamai. Da aka isa Dakar, Metge ne na ɗaya, Jacky Ickx na biyu, dukansu cikin Porsche. Rairayin Nijar ya nuna cewa ƙirar tana da ƙarfi.

Amma gudu yana da haɗari. A shekarar nan ta 1986 Thierry Sabine ya mutu cikin haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali. A 1988 wata motar tseren ta kashe yarinya mai shekara 10 a Kita, can Mali. Mota mai tsananin gudu ba ta iya tsayawa nan da nan. Saboda haka yaro mai hankali ba ya tsayawa kan hanya don kallo, kuma yana duba dama da hagu kafin ya ƙetare.

Tun 2009 tseren ya bar Afirka. A shekarar kuma Porsche ta buɗe sabon gidan tarihi a Stuttgart, inda take ajiye tsofaffin motocinta. Har yanzu ana ƙera 911.

Tambayoyi
1. Wane ne ya ƙera Porsche 356?
2. Me ya sa mota mai jan ƙafa huɗu ba ta saurin kafewa?
3. Waɗanne garuruwan Nijar tseren 1986 ya bi?
4. Yaya ake ƙetare hanyar mota?