Shin Ko Kun San? Ladi A Maraɗi, Laidi A Ƙasar Sin

Shin ko kun san a ƙasar Sin akwai mata masu suna Laidi? Bamaraɗe zai ɗauka Ladi ce, wadda aka haifa ran Lahadi, amma ko kusa. A harshen Mandarin, Laidi na nufin "ƙane ya zo". Wanda ya fi shi yaɗuwa shi ne Zhaodi, "kira ƙane". Wato an samu ɗiya mace alhali namiji ake jira, sai a ɗora mata aikin janyo shi tun tana cikin zanen goyo.

Sunan ya fi yawa a karkara, inda ɗa namiji ne ke gadon gida da gona. Bai hana Chen Zhaodi ɗaukar kofin duniya na ƙwallon raga da ƙungiyar matan Sin a 1981 ba, daga baya ma ta zama janar a soja. Yanzu 'yan mata da yawa kan je ofishin 'yan sanda su sauya shi, musamman tun 2021 da sabuwar doka ta tabbatar wa kowa 'yancin sauya sunansa.

Mu ma muna da sunayen da ke tona lissafin gida. Kande ko Delu mace ce da ta biyo bayan maza, kamar yadda Tanko yake namijin da ya biyo bayan mata. Sai dai namu labarin wadda ta iso yake bayarwa, ba wanda ake jira ba. Kada dai mu cika baki, a wasu gidajen guɗar namiji ta fi ƙara.

Kun san kuma duk waɗannan laƙabi ne? Sunan yanka liman ke raɗa shi ran bakwai. Shi ya sa tsohuwar da duk garin Jiratawa ya sani da Delu, in aka duba takardarta sai a ga Haoua ko Zeinabou, da rubutun Faransanci.

Yarinyar da ta ci sunan kakarta kuwa, alkunya kan sa a kira ta Inna ko Iya. Sunayen nan biyu kuma sarautu ne: a Tibirin Gobir, Inna sarauta ce ta 'yar gidan sarki mai shugabantar mata da 'yan bori. Takwararta a fadar Katsinan Maraɗi ita ce Iya.