Abin Shan Shayi Daga Gonarmu

A yawancin tarurrukan bita da muke yi a ƙauyuka, idan lokacin hutun shayi ya yi, abin da ake kawowa kusan iri ɗaya ne: burodi, biskit na kwali da lemun kwalba. Haka yake a gidaje da yawa idan baƙo ya zo, ko yara sun dawo daga makaranta da la'asar. Kuɗin waɗannan abubuwa yana fita daga ƙauye ya tafi birni, alhali waken soya, gyaɗa, riɗi, dankali da zoɓo suna nan a rumbunanmu da bayan gidajenmu. A wannan fitowa muna so mu duba yadda iyali ko ƙungiyar mata za su shirya abin shan shayi da kansu, da kuma wuraren da ya kamata a yi hankali, domin abin da aka yi a gida ma yana iya kwantar da mutum idan an yi sakaci.

Bari mu fara da fulawa. Yawancin alkamar da ake yin fulawa da ita a Nijeriya daga ƙasashen waje ake sayo ta. Ana noman ta da rani a wurare kamar Kadawa a Jihar Kano da kwarin Haɗeja, amma ba ta kai ko kusa da abin da ƙasa take ci ba. Shi ya sa da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a shekarar 2022, mai tuyar fanke a ƙauyenmu ta ji a jikinta. Ba mu ce a daina amfani da fulawa ba, domin ita ce take da danƙon da yake sa ƙulli ya tashi. Abin da muke koyarwa shi ne a rage ta, a cike gurbin da abin da muke nomawa.

Garin waken soya

Fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyin busasshen waken soya furotin ne, wato abincin gina jiki, kuma ya fi na waken da muka saba ci nesa ba kusa ba. Amma ba a niƙa shi ɗanye a zuba a ƙulli. Ɗanyen waken soya yana da wani sinadari da yake hana ciki narkar da furotin yadda ya kamata, kuma zafin wuta ne yake kashe shi. Ga yadda za a yi: a tsince waken, a cire tsakuwa da ruɓaɓɓu. A ɗora ruwa ya tafasa tukuna, sa'an nan a zuba waken a ciki, a bar shi yana tafasa minti 25 zuwa 30. Wannan tsari yana da dalili. Idan aka jiƙa waken a ruwan sanyi aka niƙa, wannan ƙarnin da yara suke gudu yana fitowa sosai, amma tafasasshen ruwa yana tare shi tun daga farko. Bayan haka a tsame, a murza a cikin ruwa ɓawon ya fita, a shanya a rana a kan tabarma mai tsabta har ya bushe ƙarau, a ɗan soya shi sama-sama a kasko, a kai niƙa, a tankaɗe.

A ƙullin cincin, biskit ko kek, a sa gwangwani 1 na garin soya a kan gwangwani 4 na fulawa. Wasu mata, da suka ji amfaninsa, sukan so su yi rabi da rabi. Ba ma ba da wannan shawara, domin soya ba shi da danƙo: kek zai zauna da nauyi, cincin kuma zai riƙa farfashewa a cikin mai. Garin yana da maiƙo, saboda haka kada a niƙa wanda ya fi na wata ɗaya, a kuma rufe shi a roba mai murfi.

Ga biskit mai sauƙi, da awon gwangwanin madara: fulawa 4, garin soya 1, sukari 1, bota 1, bekin hoda ƙaramin cokali 2, gishiri ɗan kaɗan, ƙwai 2. A murza bota da gari da yatsu har ya yi kamar tsakin masara, a zuba sauran kayan, a yayyafa ruwa ko madara kaɗan-kaɗan har ya haɗu. Kada a yi ta bugun ƙullin kamar na burodi, zai yi tauri. A murza shi da kwalba mai tsabta, a yanka da bakin kofi.

Gashi ba tare da obin ba

Abin da ya fi hana mata yin kek da biskit shi ne tunanin cewa sai mai obin. Babbar tukunya mai murfi da yashi sun isa. A samo yashin rafi, a tankaɗe, a wanke, a shanya ya bushe sosai, domin jiƙaƙƙen yashi turiri yake yi, abin kuma ya fito kamar dafaffe. A zuba shi a gindin tukunya, kaurin yatsa uku. A rufe, a ɗora a kan garwashi kamar minti 15. Aikin yashin shi ne ya riƙe zafi ya raba shi daidai, yadda wuta ba za ta ci gindin kek ba tun cikinsa yana ɗanye.

Kafin a sa komai, a gwada zafin. A barbaɗa fulawa kaɗan a kan murfin gwangwani a sa a ciki. Idan ta yi baƙi nan da nan, wuta ta yi yawa, a janye garwashi. Idan bayan minti 5 tana nan fara, tukunya ba ta shirya ba. Abin da ake nema shi ne ta yi ja-ja cikin 'yan mintuna. Sa'an nan a jera duwatsu uku ko gwangwanaye marasa komai a kan yashin, a ɗora faranti a kansu, kada ya taɓa yashi kai tsaye. A rufe, a zuba garwashi kaɗan a kan murfin domin sama ma ta gasu. Biskit yakan ɗauki minti 15 zuwa 20. Kek a ƙananan gwangwanaye yakan kai rabin awa, kuma kada a buɗe tukunya a cikin minti 20 na farko, iska mai sanyi tana sa shi ya lotsa. A soka tsinke mai tsabta a tsakiya. Idan ya fito ba ƙulli a jikinsa, ya nuna. Gwangwanin madara, na tumatir da na kifi duk suna yi idan an wanke an shafa mai. Gwangwanin fenti ko na maganin ƙwari kuwa, ko an wanke shi sau goma, kada ya kusanci abinci.

Dankali ma yana shiga ƙulli. A dafa, a dame shi ya yi laushi, a haɗa kashi ɗaya da kashi biyu na fulawa a yi fanke ko cincin. Da yake yana da zaƙinsa, sai a rage sukari. Idan akwai irin dankalin nan mai jan ciki kamar karas, shi ya fi, domin yana ɗauke da abin da jiki yake mayarwa bitamin A, mai kare idon yara da ƙarfafa jikinsu. Tun daga shekarar 2002 doka ta wajabta wa masana'antu a Nijeriya su sa bitamin A a fulawa, sukari da man girki, kuma ana iya ganin alamar ido a jikin buhu ko leda. Idan za a saya, a duba wannan alama.

Gyaɗa: a tsince ta da idon basira

Ƙuli-ƙuli, hallaka-kwabo, dakuwa da kunun gyaɗa ba sa bukatar mu koya wa kowa. Abin da yake bukatar magana shi ne irin gyaɗar da ake yin su da ita. Al'adar da muke gani ita ce a kai mai kyau kasuwa, a bar ƙanƙanana, fasassu da masu baƙi-baƙi domin gida, ana cewa ai za a soya a niƙa. Nan hatsarin yake. Gyaɗa da masara da suka sha danshi suna yin wata fumfuna mai fitar da guba da ake kira aflatoksin. Suya ba ta kashe wannan guba, tafasawa ma haka. Idan ana cin ta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru tana lalata hanta har ta kai ga ciwon daji, kuma bincike ya danganta ta da tsumburewar yara. Idan ta yi yawa a lokaci ɗaya tana kisa: a ƙasar Kenya a shekarar 2004 mutum 125 suka mutu bayan sun ci masara mai wannan guba.

Saboda haka a shanya gyaɗa a kan tabarma ko tamfol, kada a zube ta a ƙasa. A ajiye buhu a kan katako nesa da bango. Kafin suya a baza ta a faifai a cire duk wadda ta yamutse, ta canja launi, ko ƙwaro ya huda. Wadda aka cire kada a ba kaji ko saniyar tatsa, domin gubar tana iya biyowa ta nono. A binne ta. Idan kana ci ka ji ƙwaya mai ɗaci, ka tofar. Riɗi ma yana yin kantu mai daɗi da shayi, kuma yara suna son sa. A wanke shi a rege yashin kawai.

Abin sha

Kwalba ɗaya ta lemun kanti mai santilita 35 tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali 9. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da babban mutum yake sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wato cokali 12, kuma ƙasa da haka ya fi. Ke nan kwalba ɗaya ta kusa cinye rabon yini. Amfanin zoɓo ko lemun citta na gida shi ne sukarin yana hannunki. Amma mun sha zoɓon da zaƙinsa ya fi na kwalba, don haka a auna da cokali, kada a juye da leda.

Zoɓo gwangwani 4 ya isa ruwa lita 4. A ɗauraye shi ya rabu da ƙura, a tafasa da dakakkiyar citta, kanumfari kaɗan da ɓawon abarba wanda aka wanke, kamar minti 15, a tace. Wasu suna jefa kanwa domin kashe tsami. Mu mun fi son a bar shi da tsaminsa, domin tsamin yana rage saurin lalacewarsa.

Matsalar zoɓo tana zuwa ne bayan an sauke shi. An tafasa shi lafiya, sai a sirka da ruwan rijiya wanda ba a tafasa ba, a jefa ƙanƙarar da ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba, a ɗura a robobin da yara suka tsinto a tasha. Ta irin wannan hanya ce gudawa, taifot da kwalara suke shiga ciki. A shekarar 2021 kaɗai, fiye da mutum 100,000 aka yi zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, yawancinsu a arewa. Duk ruwan da zai shiga abin sha, ko na sirki ne, a bar shi ya tafasa sosai na minti ɗaya aƙalla, a rufe ya huce. Ƙanƙara a sa ta a wajen roba, a cikin bokiti ko kula. Robobi a wanke da sabulu, a ɗauraye da ruwan zafi, a kife su bushe. Mai ɗurawa ta wanke hannu da sabulu, ta yi amfani da mazurari. Kada a busa leda da baki domin a buɗe ta.

Kunun aya da madarar soya sun fi zoɓo saurin lalacewa, domin ba su da tsami. A lokacin zafi 'yan sa'o'i sun isa su juya. A yi su da safe, a sha a ranar. Idan roba ta kumbura ko an ji tana huci da aka buɗe, a zubar. Kunun zaƙi ma kada ya kwana idan babu firiji.

Shayin kansa fa? Muna da namu na gida, wanda ake nomawa a Kakara a kan tsaunin Mambila a Jihar Taraba, kuma ganyen lemun tsami ko ciyawar lemun nan mai ƙamshi da citta suna yin shayi mai daɗi ba tare da an sayi komai ba. Abin lura shi ne baƙin shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga wake da ganye, wanda shi ne yake ƙara jini. Mata masu juna biyu da duk wanda aka ce jininsa ya yi ƙasa su bar kamar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi. Ƙananan yara kuwa, ruwan shayi da sukari cika musu ciki kawai yake yi, su ƙi cin abinci. Kunun gyaɗa ko kunun gero da aka sa wa cokali biyu na garin soya ya fi musu. Jariri da bai kai wata 6 ba nonon uwa kaɗai ya ishe shi, kada a ɗura masa ko cokali ɗaya. Wanda bai cika shekara ba kada a ba shi zuma, kuma gyaɗa ƙwaya-ƙwaya tana iya shaƙe ƙaramin yaro, sai dai a niƙa masa.

Ga ƙungiyoyin da suke so su mayar da wannan sana'a, a fara da masu shirya taro a yankinku: ku nemi a ba ku aikin hutun shayi maimakon a aika gari a sayo katan. Kafin ku faɗi farashi, ku rubuta kuɗin komai, har da gawayi, niƙa, leda, kuɗin mota da ladan wadda ta tsaya a bakin wuta, domin waɗannan ne ake yawan mantawa, sai a ƙarshen wata a ga jari ya ragu. Cincin da biskit suna yin mako biyu idan sun huce sarai kafin a rufe su; idan aka ƙulle su da ɗumi, gumi zai sa su yi laushi su yi fumfuna. Kada a naɗe soyayyen abu a takardar jarida, tawada tana bin mai. Man da ya yi baƙi ko yake kumfa a daina suya da shi. Wadda kuma take so ta sa suna a leda ta kai kantuna, sai ta nemi rajista a ofishin hukumar NAFDAC na jiharta kafin ta fara.