Me ya sa tafkin ƙauye ke ƙafewa tun kafin bazara?

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Dutse, Kiyawa ko Jahun ya san tafki da kududdufi. Tafki kwari ne da ruwan damina ke taruwa a ciki. Kududdufi kuwa rami ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, ruwa ya zo ya zauna. Da su ake shayar da dabbobi, a buga tubali, a yi ban-ruwan albasa da tumatir, a da can da jigo, yanzu da inji. Sai dai za ka ji dattawa na cewa ruwan da ke kai su bazara a da, yanzu tun sanyi bai wuce ba ya zama taɓo. Ba ƙarancin ruwan sama kaɗai ke jawo haka ba. Sau da yawa zurfin tafkin ne ya ragu.

Ruwan tafki ta hanya uku yake tafiya: mutane da dabbobi su ɗiba, ƙasa ta tsotse, rana da iska su shanye. Ta ukun nan ce aka fi rainawa, alhali a yankinmu rana da iska na iya shanye ruwa mai zurfin kusan mita 2 a shekara. Mu yi lissafi. A ce milimita 7 ke tafiya kullum. Tafki mai zurfin mita 1 zai ƙafe cikin kwana 143, wato ƙasa da wata biyar, ko da ba a ɗebi guga ɗaya ba. Idan ruwan sama ya ɗauke a Oktoba, zuwa Fabrairu ko Maris an gama. Mai zurfin mita 3 kuwa yana iya riskar sabuwar damina. Ka ga ashe zurfi ya fi faɗi amfani.

To, me ke cin zurfin? Yashi da laka. Idan aka yi noma har bakin tafki, aka sare itatuwa, kowane ruwa sai ya kwaso ƙasar gona ya zuba a ciki. Haka abin yake ko a madatsar ƙasa irin ta Warwade da ke kusa da Dutse.

Tafkin da ya cike shi kachalla ke so, domin ciyawa ce ta ruwa marar zurfi. Mutanen Haɗeja da Nguru sun ga yadda ta toshe hanyoyin ruwa bayan gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992. Takin zamani da ke gangarowa daga gonaki kuma yana sa kainuwa da gansakuka su rufe ruwan, iskar da kifi ke shaƙa ta ragu. Idan kifi ya mutu, tsutsar sauro ta samu sake. Akwai kuma ƙananan dodon koɗi da ke ɗauke da tsargiya, shi ya sa bai kamata a yi fitsari ko bayan gida a ruwan ba. A irin waɗannan ruwaye kurkunu ya riƙa yaɗuwa, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da shi daga Nijeriya a 2013.

Gyaran ba sai da katafila ba. Idan ruwa ya ja a bazara, a yi gayya a yashe tafkin, a kai lakar gona, taki ce. Amma a yi hattara, kada a fasa yumɓun da ke ƙasa, shi ne ke riƙe ruwan. Da an huda shi aka tarar da yashi, tafki ya zama rariya. A bar zoben gamba ko jema a kewaye don tace ƙasa. A haƙa ɗan rami a mashigar ruwa inda yashi zai fara kwantawa. A ware wa dabbobi mashaya guda, dagaci da masu unguwa su tsaya a kan dokar.

Sannan a daina cike kududdufi da shara don a yanka fili. Ambaliyar 2022 ta nuna wa Jigawa cewa ruwan da aka hana masauki, gidajen mutane yake shiga.